Waiwaye: An taɓa auna malami daga bayan aji

Duk sanda zancen malamai ya taso a Kaduna, a majalisa ko a Facebook, 2017 ake komawa: malaman firamare kusan 33,000 suka zauna jarrabawa, aka ce 21,780 ba su kai maki 75 cikin 100 ba. Wasu su ce gyara ne, wasu su ce cin fuska. Sai ka ɗauka ranar aka fara tambayar yadda za a auna malami.

Abin ya daɗe. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya kwararo yara fiye da malaman da ke ƙasa, a shekarar kuma aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a nan Kaduna. Daga baya NCE, takardar kammala kwalejin ilimi, ta zama mafi ƙarancin shaidar koyarwa. Duk awon takarda ne.

Wanda ake mantawa shi ne 2006. A lokacin aka fara shirin SMASE na ƙarfafa koyar da lissafi da kimiyya, da tallafin Japan, bisa darasin da aka ɗauko daga Kenya. Jihohi uku aka fara da su: Kaduna, Neja da Filato. Bambancinsa shi ne mai duba malami ya shiga aji, ya zauna can baya, ya sa ido. Wa ya fi magana, malam ko yara? Da zai koyar da rabawa, alli kawai ya riƙe, ko ya zube marafan kwalba goma sha biyu ya ce yara uku su raba daidai? Ya haɗa gwangwanaye biyu da zare don su ji yadda sauti ke tafiya, ko ya rubuta a allo ya ce a kwafa? In ya ce "Kun gane?" aji ya amsa "Eee!" (mun san wannan amsar, mu ma mun bayar), ya tsaya nan, ko ya kira Ladidi ta fito ta nuna? Bayan darasi kuma a zauna da shi a gyara.

Jarrabawa tana gaya maka abin da ke kan malam, ba ta gaya maka ko ya isa kan yaro. Sai dai ita a yini ɗaya ta tace dubbai. Zaman bayan aji kuwa mutum ɗaya ne, darasi ɗaya, ga man babur zuwa ƙauyukan Birnin Gwari ko Kauru, ga aji maƙil har wasu a ƙasa, marafan kwalbar ma ba sa zagayawa.