Sinadaran masana'antu masu naci da lafiyar haihuwar maza

Sinadarai masu naci wasu guba ne da ɗan Adam ya ƙera, ko suke fitowa daga ƙone-ƙonensa, waɗanda rana da ruwa da ƙasa ba sa iya ruɓar da su cikin sauri. Suna shafe shekaru da dama a gona, a laka ko a jikin dabba. Yawancinsu ba sa narkewa a ruwa, a kitse suke maƙalewa, shi ya sa suke taruwa a kifi da nama da madara har su iso jikin mutum. Fitattu daga ciki su ne magungunan kashe ƙwari irin su DDT da lindan, wanda manoma da masunta suka fi sani da gamalin, da PCB da aka daɗe ana zubawa a man taransfoma, da dayoksin mai fitowa daga ƙona shara, sai dangin PFAS da ake amfani da su a kayan da ba sa shan ruwa ko mai. A 2001 aka sa hannu kan yarjejeniyar Stockholm domin kawar da irinsu. Ta fara aiki a 2004 da sinadarai 12, kuma Nijeriya na cikinta. An ƙara lindan da PFOS, ɗaya daga dangin PFAS, a 2009.

Yadda suke taɓa jikin namiji

Wani ɗan ƙullutu da ke gindin ƙwaƙwalwa yana aika saƙo ta jini zuwa 'ya'yan maraina, su kuma su samar da testostiron, sinadarin da ke buɗe murya, ya fito da gemu, ya riƙe sha'awa, ya kuma tafiyar da ƙirar ƙwayoyin maniyyi, wadda takan ɗauki kimanin kwana 74. Testostiron ba ya aiki sai ya sami gurbinsa a cikin ƙwayar halitta. A 1995 masu bincike a Amurka suka nuna cewa DDE, abin da DDT ke rikiɗewa ya zama a jiki, yana toshe wannan gurbi kamar makullin da ya karye cikin kwaɗo: shi bai buɗe ba, bai kuma bar na gaskiya ya shiga ba. Wasu nau'o'in PCB kwaikwayon sinadarin mata suke yi. Dayoksin kuwa yana dagula aikin ƙwayoyin halitta masu ƙera maniyyi, kuma sai an yi shekara 7 zuwa 11 kafin rabin abin da ya shiga jiki ya fita.

Babbar ɓarnar ba a kan magidanci take faɗawa ba, a kan ɗan tayi da ƙaramin yaro ce. Tsakanin mako na 8 da na 14 na ciki ake aza tubalin al'aurar namiji, kuma duk abin da ya rage ƙarfin testostiron a waɗannan makonni yana iya barin tabo na har abada. Gubar da uwa ta tara tun tana budurwa tana ratsa mahaifa, tana kuma fita a nono. A 2001 likitan Danmak Niels Skakkebaek da abokan aikinsa suka kawo ra'ayin cewa matsaloli huɗu tushensu ɗaya ne tun daga ciki: rashin saukowar 'ya'yan maraina, fitowar ƙofar fitsari a ƙasan mazakuta maimakon a kai, ƙarancin ƙwayoyin maniyyi, da sankarar maraina. Wannan bai zama dalilin hana jariri nono ba ko kaɗan, domin amfanin shayarwa ya fi wannan haɗari nesa ba kusa ba.

Abin da aka gani a wasu ƙasashe

Hujjoji mafi ƙarfi daga hatsarurruka suka fito. A 1976 wata masana'anta ta yi bindiga kusa da Seveso a Italiya, dayoksin ya lulluɓe garin. Bayan shekara fiye da 20 aka auna mazan da suke ƙasa da shekara 10 lokacin hatsarin, aka tarar ƙwayoyin maniyyinsu sun gaza na tsararsu yawa da kuzari, alhali waɗanda abin ya same su suna manya ba su nuna irin wannan rauni ba. An kuma lura iyaye mazan da gubar ta fi shiga sun fi haifar 'ya'ya mata. A Taiwan a 1979, man girki ya gurɓata da PCB, mutum kusan 2,000 suka kamu, kuma samarin da iyayensu mata suka ci wannan mai sun tashi da ƙwayoyin maniyyi masu naƙasar siffa da rashin saurin tafiya. A lardin Limpopo na Afirka ta Kudu, inda ake fesa DDT a ɗakuna don sauro, binciken 2007 ya danganta yawan sinadarin a jini da raunin maniyyi.

Wani babban nazari na 2017 ya ce yawan ƙwayoyin maniyyi ya ragu da fiye da kashi 50 cikin 100 a ƙasashen Yamma tsakanin 1973 da 2011. Masana na jayayya kan girman raguwar da musabbabinta, tunda taba da ƙiba da zafi duk suna da hannu.

Hanyoyin shiga a karkarar Kano da Jigawa

Mutumin ƙauye yakan ɗauka gubar masana'anta matsalar birni ce, amma ruwa bai san iyakar ƙaramar hukuma ba. Dagwalon masana'antun Sharaɗa da Challawa, har da na majemu, yana gangarawa kogin Challawa, wanda ke haɗuwa da kogin Kano ya bi ta Wudil ya shiga Jigawa har fadamun Haɗeja. Na Bompai kuwa yana shiga Jakara ya kwanta a dam ɗin Wasai, inda ake noman rani da kamun kifi. Ruwan majema yana ɗauke da karomiyom, wanda shi ba ya cikin jerin Stockholm amma ƙarfe ne da ba ya ruɓewa. Ƙananan kifaye suna cin abin da ya kwanta a laka, manya su ci ƙanana, shi ya sa tsohon tarwaɗa mai kitse ya fi tara guba.

Sauran hanyoyin a cikin gari suke. Ƙona leda da roba a bola yana fitar da dayoksin, tokar ta zuba a ƙasa, kaji su yi kiwo a kai, gubar ta koma ƙwai. Babbake ganda da kai da ƙafa da tsohuwar taya yana ɗora hayaƙi mai guba kai tsaye a kan abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 90 cikin 100 na dayoksin da ke shiga mutum ta abinci yake bi, musamman nama, madara da kifi. Akwai kuma zuba gamalin a tafki don kama kifi, da sayen maganin feshi a kwalbar da ba ta da takarda, da mayar da jarkar magani ta zama ta ruwan sha. Mafi muni shi ne man taransfoma da ake sacewa a sayar, har ya faɗa kaskon suya, abin da hukumomin muhalli suka sha yin gargaɗi a kai.

Gwaji da kariya

Idan aure ya shekara ba rabo, matar ake fara kallo, ita ke yawon asibiti da shan sassaƙe, wani lokaci har a yi mata kishiya. Wannan zalunci ne da ilimi bai goyi bayansa ba, domin a kusan rabin ma'auratan da ba sa haihuwa akwai matsala ta ɓangaren miji. Ƙarfin kwanciya daban, lafiyar ƙwayoyin maniyyi daban, kuma maganin ƙarfin maza na kasuwa ba ya gyara na biyun. Allurar testostiron da ake yi ba da izinin likita ba ma tana tsayar da ƙirar maniyyi. Gwajin maniyyi ba shi da wuya, ana yin sa a manyan asibitoci kamar Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, kuma akan maimaita shi bayan kimanin wata 3 kafin a yanke hukunci. Yaron da aka ga marainansa babu ƙwaya ɗaya ko duka biyu har ya wuce wata 6 yana buƙatar ganin likita, domin yin tiyata da wuri ya fi ceto haihuwarsa.

Babu maganin da ke wanke waɗannan sinadarai daga jiki, sai dai rage shigarsu: nisanta mai ciki da yara daga feshi da hayaƙin bola, babbaka da itace ko gas, da rage kitsen kifin gurɓataccen ruwa. Tace dagwalon masana'antu kafin a sake shi ya fi ƙarfin manomi, aikin NESREA ne, hukumar tarayya mai tilasta bin dokokin muhalli wadda aka kafa a 2007, tare da ma'aikatun muhalli na jihohi, yayin da rajistar magungunan feshi ke hannun NAFDAC. Yarjejeniyar Stockholm ta ɗora wa ƙasashe daina amfani da na'urori masu PCB zuwa 2025, da lalata man da ke cikinsu ta hanya mai tsafta zuwa 2028.