Hindra, kalmar da tushenta ke nufin "baya"

Mu in za mu ce an hana abu tafiya, ƙafa muke dubawa, mu ce tarnaƙi ko dabaibayi kamar dai jakin da aka ɗaure a bakin gona. Su kuwa mutanen arewacin Turai baya suke dubawa. A Suwidin da Aislan suna cewa hindra, a Norwe da Danmak kuma hindre, ma'anar dai ɗaya, wato ka tare wa mutum hanya ko ka kawo masa cikas. Kar kunne ya ruɗe ka fa, ba ta haɗa komai da "hana" ɗinmu ba, sautin farko ne kawai ya zo ɗaya.

Tushenta wata tsohuwar kalma ce da kakannin waɗannan harsuna da na Jamusanci da Ingilishi suka yi tarayya a kai, wadda ke nufin abin da ke baya. Har gobe Bajamushe in zai ce "bayan" abu hinter yake cewa, hana abu kuma hindern, Bature ɗan Ingila yana da tasa hinder. Kenan asalin hindra shi ne ka riƙe mutum a baya, ka hana shi kamo na gaba. A tsohuwar waƙarsu Hávamál, wadda ke cikin wani kundin fata da aka rubuta a Aislan wajen 1270, akwai "hindra dags" da nufin washegari, wato ranar da ta biyo baya, ka ga nan ko maganar cikas ba ta shigo ba tukuna.

Sai zamanin fataken Hansa, Jamusawan Lübeck da suka riƙe kasuwar tekun Baltik, suka kafa sansaninsu a Bergen ta Norwe wajen 1360 suna sayen busasshen kifi, a Stockholm kuwa rabin kujerun majalisar gari nasu ne har sai 1471, to ai wanda ke riƙe da ma'auni da littafin bashi dole bakinsa ya shiga bakin masu gari. Daga wajensu aka ɗauko ɗafa för- ko for- a goshin kalma, aka samu förhindra da forhindre, wanda ya fi ƙarfi, shi nufinsa a toshe abin tun bai auku ba.

Yau hinder, wato shi kansa cikas ɗin, ba inda ba ka jin sa a Suwidin. Tseren mita 3000 mai tsallake shinge da ramin ruwa sunansa kenan, wanda Anders Gärderud ya ci musu zinare a gasar Olamfik ta Montreal a 1976. Masu son aure kuma sai sun bi ta hindersprövning, binciken ko akwai abin da zai hana ɗaurawa, an cika shekara 18? akwai igiyar wani a kai? ba 'yan uwa na jini ba ne? Da can coci ke riƙe da rajistar jama'a, tun 1991 aka miƙa wa hukumar haraji, wadda yau ake kira Skatteverket, wato mai karɓar haraji shi ke ce maka je ka yi aurenka, abin dariya wallahi, takardar ma wata 4 take aiki.

Amma inda kalmar ta fi burge ni shi ne batun nakasa. An daɗe ana kiran nakasar jikin mutum funktionshinder, kamar cikas ɗin a jikinsa yake. A 2007 hukumar lafiya da walwala ta Suwidin, Socialstyrelsen, ta raba abin gida biyu, raunin jiki aka ba shi suna funktionsnedsättning, shi kuwa hinder aka mayar da shi kan abin da ke kewaye da mutum. Mai keken guragu ya zo ƙofar ofis ya tarar da matakala ba gangara, a lissafinsu na yanzu matakalar ce ta hindra shi.