Mene ne "haɗin shayi"?

Haɗin shayi shi ne busassun ganyaye da saiwoyi da kayan ƙamshi da aka auna, aka daka ko aka ɓarza, aka cakuɗa wuri ɗaya, yadda mai saye zai ɗebi cokali guda kawai ya zuba a tafasasshen ruwa. Wasu kan ce kayan shayi, wasu shayin gargajiya. A Katsina ya zama sana'ar cikin gida sosai: uwa ke haɗawa, 'yan mata na ƙullawa a leda ko roba, a sa hoto a WhatsApp, samarin gidan su kai wa masu saye a kan babur, daga Ƙofar Ƙaura har Ƙofar Marusa.

Iri biyu ne, kuma ya kamata mai saye ya san wanda ke hannunsa. Akwai wanda ake zubawa a kan ganyen shayi don ƙamshi da yaji, akwai kuma wanda ake sha shi kaɗai. Ganyen shayi na ainihi daga bishiya ɗaya yake fitowa, wadda Sinawa suka fara nomawa, a Najeriya kuma ana noma ta a tsaunin Mambila da ke jihar Taraba. Baƙin shayin da mai shayi ke dafawa da koren da ake yin ataya da shi duk nata ne, kuma duk suna ɗauke da kafin, sinadarin nan mai kore barci. Zoɓo da na'a-na'a da citta ba su da shi. Saboda haka idan dattijo ya ce yana neman abin sha da dare wanda ba zai hana shi runtsawa ba, aka ba shi haɗin da aka zuba ganyen shayi a ciki ba a faɗa masa ba, an cuce shi.

Kayan haɗin kuwa wasu namu ne, wasu baƙi. Zoɓo da zogale da goruba a ƙasarmu suke, mutanen Daura da Mai'aduwa ba sai an nuna masu goruba ba. Citta yawanci daga kudancin Kaduna take zuwa, yankin Kachiya da Kagarko, shi ya sa da cutar shuka ta afka wa gonakin citta a can a 2023, tsadarta ta taɓa duk mai wannan sana'a. Kanumfari daga ƙetare ake kawo shi, irin su Zanzibar da Indonesiya, haka ma kirfa. Sai kimba da masoro, waɗanda tun kaka da kakanni suke cikin kunu da yajin mai jego.

Abin da ya raba haɗi mai kyau da tarkace shi ne awo da tsabta, kuma a nan ne nake ganin darajar sana'ar take. Ku kalli yadda gwanar haɗi ke aiki. Kan faifai take baza kanumfari ta tsince tsakuwa da ƙirare ɗaya bayan ɗaya. Citta takan ɓalla ta duba cikinta, in ta ga ramin ƙwaro ko ta ji warin rima ta ware ta gefe. Ganyen na'a-na'a da zogale a inuwa take shanya su, don rana mai zafi tana cinye ƙamshi da launi. Ba ta haɗa komai a turmi ɗaya lokaci guda, tunda citta tauri gare ta, ganye kuwa bugu kaɗan ya zama gari. Kanumfari kaɗan ake sa shi. Ya yi yawa, sai ya danne kowa ya bar ɗaci a harshe. Sannan ba a ƙullewa sai kaya sun bushe ƙarau, musamman da damina, domin danshi ke kawo funfuna, wata funfunar kuma tana fitar da guba mai lahani ga hanta wadda tafasa ba ta kashe ta.

Wannan awon shi ne jarin gidan. Idan a ƙwaƙwalwar Hajiya kaɗai yake, ranar da ta tafi Umara ɗanɗano ya canza, masu saye kuma suna lura. Gara a sayi ƙaramin sikeli a rubuta komai a littafi, a koya wa yara biyu ko uku. Haka kuɗin sana'a, a raba su da na cefane.

Sai maganar lafiya, wadda ita ce ta fi damuna. Gaskiya ne waɗannan tsirrai suna da amfani. Citta na rage tashin zuciya. Binciken likitoci ya nuna zoɓo na ɗan sauke hawan jini. Ruwan ɗumi mai yaji a lokacin hunturu yana sanyaya wa mai mura rai. Amma tsakanin "yana taimakawa" da "yana warkarwa" akwai tafiya mai nisa. Za ka ga roba ɗaya an rubuta mata ciwon suga, hawan jini, basir, sanyi da rashin haihuwa, wani bawan Allah ya karanta ya ajiye maganin da likita ya rubuta masa. Mai hawan jini da ya daina shan ƙwayarsa saboda shayi yana iya wayar gari da shanyewar ɓarin jiki. Haka shayin rage ƙiba: da yawansu filasko ake sa masu, ganyen da ke sa gudawa. Ruwa ne ke fita daga jiki, kitse na nan, kuma yawan shansa na raunana hanji. Mai juna biyu da mai shayarwa da mai ciwon ƙoda su tambayi likita kafin su riƙe kowane haɗi a matsayin abin shan kullum.

Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke da alhakin rajistar abinci da magungunan da aka ƙulla don sayarwa, ciki har da na gargajiya. Lambar da take bai wa maganin gargajiya a matakin farko tana nufin an duba ba a ga illa ba, ba shaida ce cewa yana warkar da abin da aka lissafa ba. Gidan da ke son kayansa su shiga manyan kantuna sai ya yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC mai rajistar kamfanoni, sannan ya nemi wannan lamba. Kafin a kai nan ma, takardar da ke jikin roba ta faɗi duk abin da ke ciki, da ranar da aka haɗa, da ko akwai ganyen shayi ko babu.