Sarƙar bayanai a rajistar majinyata ta kwamfuta

Sarƙar bayanai, wadda ake kira bulokcen, hanya ce ta adana rajista guda a kwamfutoci masu yawa, inda kowane sabon rukuni yake ɗauke da hatimin lissafi na wanda ya gabace shi, ta yadda duk wanda ya taɓa tsohon rubutu sai asirinsa ya tonu. Da kuɗin Bitcoin ta fito a 2009. A 2016 hukumar lafiyar Estoniya ta ɗauki tsarin kamfanin Guardtime don tsare bayanan majinyata, kuma a shekarar ce masu bincike na jami'ar MIT a Amurka suka gabatar da wani tsarin bayanan majinyata mai suna MedRec bisa sarƙar Ethereum. A duka biyun takardun majinyaci suna nan a rumbunsu na asali. Abin da sarƙar take riƙewa shi ne shaidar cewa ba a sauya su ba, ko kuma bayanin wanda aka yarje wa ya duba.

Saboda haka karɓuwarta ta rataya a kan abubuwan da suka riga ta. A jihar Maradi tarihin jinyar mutum ya fi zama a karne da manyan rajistocin takarda na cibiyoyin kiwon lafiya na CSI, manhajar DHIS2 da ma'aikatar lafiya take amfani da ita kuwa galibi alƙaluman wata-wata take tarawa. Abin da ba a shigar a kwamfuta ba, babu hatimin da za a buga masa. Tantance majinyaci ma aiki ne, domin sunaye suna maimaituwa, mutanen karkara da dama kuma takardunsu shekarar haihuwa ta ƙiyasi kawai suke nunawa. Idan aka ɗora bayanin wani a kan wani, sarƙar za ta tsare kuskuren kamar yadda take tsare gaskiya.

Sai wuta da intanet. Yanke lantarkin da Najeriya ta yi wa Nijar a watan Agusta na 2023 ya nuna raunin duk tsarin da yake buƙatar kwamfutoci su kwana a kunne.

Ta fuskar doka, Nijar ta kafa dokar kare bayanan mutum a 2017 tare da hukumar HAPDP mai sa ido a kan aiki da ita, Najeriya ta yi tata a 2023, kuma majinyacin da ya bi hanyar Ɗan Isa zuwa Katsina dokokin ƙasashen biyu ne suka hau kan bayanansa. Dokar Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2018 ta ba mutum ikon neman a goge bayaninsa, abin da ya ci karo da rajistar da ba ta goguwa. Wannan na cikin dalilan da suka sa masu tsarawa suke ajiye ainihin bayanin a waje, suna kuma fifita sarƙa mai izini irin Hyperledger Fabric, wadda sai cibiyoyin da aka tantance suke shiga. A nan ma sai asibitocin sun yarda da ma'auni guda na rubuta bayani, kamar FHIR, kafin na Maradi ya iya karanta abin da na Damagaram ya shigar.