Gini Mai Tattalin Makamashi a Zariya

Gini mai tattalin makamashi shi ne wanda yake yin sanyi da bazara, ya riƙe ɗumi da hunturu, ba sai an dogara da lantarki ko janareto ba, kuma haɗa kayan gininsa bai jawo fitar hayaƙi mai ɗumama duniya da yawa ba. Rahotannin Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna cewa sama da kashi ɗaya cikin uku na iskar kabon (wadda take ɗumama duniya) da ake fitarwa ta hanyar makamashi, daga gine-gine da aikin gina su take fitowa. Siminti kaɗai ya kwashi kusan kashi 8 cikin 100 na kabon ɗin duniya, domin sai an gasa dutsensa a zafin digiri 1,450, shi kansa dutsen kuma yana sakin iskar in ya gasu.

A birnin Zazzau wannan fasaha ta daɗe a hannun magina. Akan kwaɓa jar ƙasa da ciyawa, a mulmula tubali da hannu, a shanya a rana. Ba a ƙona ko itace ɗaya. Bangon yakan yi kauri daga tushe, ya riƙa sirancewa zuwa sama. Da rana kaurin nan ne yake shanye zafi ya hana shi shiga ɗaki, sai dare ya yi ya sake shi a hankali. Shi ya sa a watan Afrilu, da tsakar rana, wanda ya shiga zaure a cikin birni zai ji sanyi ya ratsa shi tun daga bakin ƙofa. Rufin soro da azarar giginya ake yin sa, wadda gara ba ta cika ci ba, a yi yaɓe da makuba ko katsin marina don kare ruwa, indararo kuma ya zubar da ruwan nesa da bango.

Mafi shaharar misali shi ne Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a wajajen 1830, da bakan gizo (wato gini mai lanƙwasa kamar baka) na ƙasa da azara masu ɗauke da rufi mai faɗi.

Ginin ƙasa yana da wahalarsa. Kowace damina sai an bi shi da gyara, soron da aka yi sakaci da shi kuma yakan rufta. Wannan, haɗe da kallon da ake wa gidan ƙasa na talauci, ya sa jama'a suka koma bulo da kwano a Tudun Wada da Sabon Gari da Samaru, har da cikin ganuwa. Abin takaici, ɗakin kwano mara silin yakan zama kamar tanda, sai fanka ko na'urar sanyaya ɗaki, in wuta ta ɗauke a tayar da janareto.

A 2017 Najeriya ta fitar da dokar tattalin makamashi a gine-gine, a 2021 kuma ta yi alkawari a taron sauyin yanayi na duniya a birnin Glasgo cewa za ta daidaita kabon ɗin da take fitarwa da wanda ake kawarwa daga iska nan da 2060. Masana zanen gini, ciki har da na Jami'ar Ahmadu Bello, suna nazarin bulon ƙasa da ake matsewa da inji a sa masa siminti kaɗan; yana jure ruwa fiye da tubali. Sauran matakan ba su da tsada sosai: a fuskantar da tagogi kudu da arewa, a tsawaita bakin rufi ya yi wa bango inuwa, a sa silin da fentin fari, a dasa darbejiya ta yamma da gida, a ɗora sola a kan rufi.