Maganin kurajen fuska ba man kwalliya ba ne, yana da ƙa'ida

Assalamu alaikum jama'a. Yau kan kurajen fuska zan yi magana, waɗanda ake ce wa kurajen balaga, musamman maganin shafawan nan na antibayotik da matasa suka maida kaman basilin, yarinya ta ji ƙawarta ta shafa clindamycin fuskarta ta yi kyau sai ita ma ta faɗa kemis ta siyo, ta yi ta shafawa wata shida wata bakwai babu wanda ya ce mata ga ranar dainawa.

Abu huɗu ne ke haɗuwa su kawo kurajen nan. Fata ta riƙa fitar da maiƙo da yawa, ƙofofin gashi su toshe da matacciyar fata, sannan wata ƙwayar bakteriya mai suna Cutibacterium acnes da dama can tana zaune a fatar kowa ta samu wajen hayayyafa, daga nan sai kumburi da ja da ruwan mugunya. Ba ƙazanta ba ce, dan Allah iyaye a daina yi wa yara gori. Toh shi antibayotik na shafawa, clindamycin kashi 1 cikin ɗari ko erythromycin, aikinsa rage wannan ƙwayar cutar da kwantar da kumburi kawai. Baya buɗe ƙofar da ta toshe. Shiyasa in naki ƙananan nan ne masu baƙin kai ko farin kai da basa ciwo, wallahi asarar kuɗi kawai kike, ba aikinsa ba ne. Tabon da kurji ya bari ma baya gogewa.

Babban abin da nake so ku riƙe, ba'a shafa shi shi kaɗai. Ƙwayar cutar tana sabawa da maganin, in ta saba shikenan, kina shafawa tana zamanta, ki dawo kina cewa an sayar miki da jabu alhali maganin lafiyarsa ƙalau. Kuma ba ita kaɗai ke sabawa ba, har sauran ƙwayoyin cutar da ke kan fata, waɗanda wata rana za su iya jawo maruru ko ciwon da za'a nemi irin wannan maganin ya ƙi ci. Saboda haka likitocin fata ke haɗa shi da benzoyl peroxide, kashi 2.5 ko 5 cikin ɗari, shi wannan yana kashe ƙwayar cutar ta hanyar da bata iya sabawa da shi. Akwai wanda ake sayarwa a haɗe cikin tub ɗaya, akwai kuma daban-daban, ɗaya da safe ɗaya da dare.

Sannan yana da wa'adi. Sai an yi kaman sati 6 zuwa 8 kafin a fara ganin canji, in an kai sati 12 wato wata uku sai a koma wajen ma'aikacin lafiya ya duba, yawanci a nan ake ajiye antibayotik ɗin a ci gaba da benzoyl peroxide ko adapalene, wani maganin shafawa mai buɗe ƙofofin gashi da suka toshe. Masu zuwa mana saura sati biyu biki suna neman abin da zai share fuska, kuyi haƙuri, babu shi. Amarya in kina da kuraje tun ranar da aka sa rana ya kamata ki fara, kuma ki faɗa wa mai gyaran jiki ta bi fuskar a hankali, dirza dilka kan ɗanyen kurji ƙara tunzura shi yake.

Yadda ake shafawa, a wanke fuska da sabulu mara zafi, a bari ta bushe sosai, a ɗiba ɗan kaɗan a kan yatsa a bi duk wajen da kurajen ke fitowa a shafa siriri, ba wai a ɗiga kan kowane kurji ba. A kauce wa ido da leɓe da gefen hanci. Na dare ya fi kyau bayan isha, tunda an gama alwala zai kwana a fuska. Benzoyl peroxide yana cin launin kaya fa, zai ɓata miki hijabi da tawul da rigar filo, a nemi farare ko tsofaffi, kuma a wanke hannu bayan an shafa. Yana busar da fata, da hunturu abin ya fi tsanani, in fuska na saɓa ko raɗaɗi a koma shafawa yau a tsallake gobe har ta saba, a ɗora mai mara maiƙo a kai.

Sai masu fasa kafso. Ja da yalo ko ja da baƙi a zazzage garin cikin man shafawa a kwaɓa, wannan ba magani ba ne, an yi shi ne dan a haɗiya, babu wanda ya san adadin da ke shiga fata, abin da kawai ake samu shi ne koya wa ƙwayar cuta jure magani. Haka mayukan nan masu haɗi uku irin su Funbact-A, akwai sitiroyid a ciki, wato maganin danne kumburi, mai suna betamethasone, kwana kaɗan za ki ga jan ya kwanta fuska ta yi haske ki ɗauka an dace, bayan nan sai kuraje su fito birjik iri ɗaya kaman an shuka, fata ta yi siriri jijiyoyi su bayyana. Mayukan bilicin da ake haɗawa a roba ba suna ba lambar NAFDAC, da yawansu irin abin da ke ciki kenan.

Mai ciki ko mai neman ciki ta faɗa kafin a rubuta mata komai, bata amfani da adapalene, bata shan antibayotik ɗin doxycycline, isotretinoin kuwa, maganin sha na kuraje masu tsanani, yana nakasa jariri. Wanda ke shafa clindamycin in ya ga gudawa mai tsanani ko da jini ya dakata ya zo asibiti, ba kasafai ake samu ba amma yana faruwa. In kurajen manya ne masu tauri a can cikin fata, suna ciwo suna barin rami ko tudun tabo a haɓa da ƙirji da baya, na shafawa ba zai iya ba, a nemi takardar ganin likitan fata tun tabon bai yi yawa ba. Mace kuma da ke da kuraje ga al'ada tana rikicewa ga gashi na fitowa a haɓa, ita ma ta zo a duba ta, wataƙila matsalar daga sinadaran jiki take.