Horon magana ga manya masu cutar gushewar harshe

Horon magana ga masu cutar gushewar harshe aiki ne da ƙwararrun masu gyaran magana ke yi da manya waɗanda kalmomi ke suɓuce musu kaɗan-kaɗan, sakamakon lalacewar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, galibi a ɓangaren hagu. Likitoci na kiran cutar PPA a taƙaice, daga sunanta na Turanci, primary progressive aphasia. Likitan ƙwaƙwalwa Marsel Mesulam ne ya siffanta ta a Amurka a 1982. Sau da yawa takan fara kafin mutum ya kai shekara 65, yana da hankalinsa, yana gane mutane da hanya, amma magana na ƙwace masa.

A 2011 masana suka amince da raba ta gida uku. Akwai wanda furuci ke yi wa nauyi, jimlarsa ta kakkarye. Akwai mai magana tiryan-tiryan amma ma'anar kalmomi ta ɓace masa, har ya tambayi mene ne "cokali". Na uku yakan tsaya yana lalubar kalma, kuma maimaita doguwar jimla na gagarar sa. Wannan nau'in an fi danganta shi da cutar Alzheimer, cutar ƙwaƙwalwa mai jawo mantuwa.

Manufar horon ta sha bamban da ta wanda ya rasa magana bayan shanyewar ɓarin jiki. Wancan ana sa ran zai farfaɗo. A nan kuwa cutar gaba take yi, kuma babu maganin da ke tsayar da ita, don haka ana ƙoƙarin riƙe abin da ya saura ne. Akan zaɓi kalmomin da mutum ya fi buƙata, kamar sunayen 'ya'yansa, magungunansa da kayan da yake taɓawa kullum, a riƙa bitar su da hotunan abubuwansa na ainihi. Har kalmomin da bai manta ba tukuna akan saka a bitar, kuma wannan ce dabarar da ta fi ma'ana, domin tsare kalma ya fi dawo da ita sauƙi. Ribar dai takan tsaya kan kalmomin da aka bita, ba ta cika yaɗuwa zuwa sauran ba. Mai nauyin furuci kuma akan rubuta masa gajerun zantuka, irin gabatar da kai ko amsa waya, ya yi ta maimaitawa har su zauna a bakinsa.

Tun bakin na aiki ake fara koya masa littafin hotuna, rubutu, nuni da hannu ko manhajar waya mai furta magana, saboda koyon sabon abu na ƙara wuya idan aka makara.

Iyali ma ɗalibai ne a wannan horo. Ana koya musu yin gajerun jimloli, ba shi lokaci, kashe rediyo yayin hira, da daina yi masa jarrabawar "wane ne wannan?", wadda ba ta haifar da komai sai ɓacin rai. Idan cutar ta yi nisa, wasu kan samu matsalar haɗiya, kuma mai gyaran maganar ne ke duba ta.